Ranar da Na Taka wa Baba Birki

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Baba dai ya riga mu kama hanya. An yi masa salla da hantsi a ƙofar gidanmu da ke Madabo, aka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi. Na sha zaman makoki a birnin nan, amma ban taɓa ganin wanda ake kawo wa ƙarfe ba sai na Baba. An saba zuwa da gero ko shinkafa ko ƙullin goro. Mu kuwa kafin sadakar uku kusurwar zaurenmu ta cika da tsatsa. Wani maƙeri ya zo da falle ɗaya na sifirin ɗin mota a naɗe cikin buhu. Wani ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, daga Ƙofar Ruwa ya ajiye gwangwanin madara cike da tsofaffin notuna. Wani manomi kuma ya taho daga ƙauyensu da wani dogon ƙarfe da sai da mutum biyu suka kama masa. Maganarsu duk ɗaya ce: "Marigayi ya ce in na samu in kawo masa. Ga shi na samu, Allah bai yi zai gani ba."

Ni ne ɗan fari, ni ke zaune a tabarmar gaba kusa da Kawu, ƙanen Baba. Amma duk wanda ya shigo sai ya miƙa mini hannu sama-sama, idonsa na yawo cikin jama'a, ya ce, "Ina Auta?" Da an nuna masa ƙanena sai ya tsallake ƙafafun mutane ya je ya durƙusa gabansa. Manomin nan har rungume Auta ya yi suka yi ta kuka tare. Da Kawu ya ga abin ya yi yawa sai ya dafa kafaɗata ya ce masa, "Malam, ga babbansu nan fa."

Mutumin ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ashe Malam yana da babba? Ikon Allah. Ya haƙuri, Alhaji?"

Na ce, "Da godiya." Bakina ne ya faɗa, amma maganarsa ta tsaya mini a rai har aka kira azahar.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Baba. Kuma tunda ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ne, gara in faɗa tun yanzu: kishi ya fi hawaye yawa a cikin abin da zan rubuta. Na yi kishin ƙanena tun yana rarrafe, na yi kishin wata tsohuwar mota, na yi kishin maƙera da 'yan gwangwan da ban ma san sunayensu ba.

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ɗauka Baba ba ya ƙaunata ne. Ba haka ba ne, kunya ce. A gidajen cikin birni na da, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, ba ya sa hannu a kwano ɗaya da shi. Nawa kuma ya zo da ƙari, don sunan mahaifinsa ya sa mini, ka ga kunya ta zama biyu. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, can na girma, katanga ɗaya ce tsakaninmu da sashen Baba. Inna ma ta yi tata kunyar, amma ita tsufa ya sassauta mata. Baba kuwa ko gezau. In zai yi magana a kaina sai ya ce "wancan". Da na fara koyarwa na zama "malamin makaranta", da aka ƙara mini girma na koma duba makarantun ƙauye sai na zama "Sufeto". In kuma da ni zai yi magana, sai ya nemi wanda ke kusa. Ina zaune a gabansa zai dubi ƙanwata ya ce, "Tambayi Sufeto ko ya ci abinci." In babu kowa sai ya dubi bango.

Na san al'ada ce, har na taɓa yi wa ɗalibai bayaninta a aji, na rubuta musu a allo da alli. Duk da haka abu ɗaya na so tun ina yaro har na yi furfura: Baba ya yi hira da ni, ni da shi, babu ɗan aike a tsakani.

Auta kuwa bai san wannan yunwar ba. An haife shi ina kwalejin horon malamai, ya zo ya tarar da uban da ya gama kunyarsa a kaina, ya rage masa sai dariya. A cinyar Baba ya koyi riƙe sitiyari. Tun bai iya ɗaure wandonsa ba ya san bambancin sifana da filaya. Kuma shi ne ya gaji Gwaggo tun Baba yana raye.

Gwaggo mota ce, ba mutum ba. Ta girmi Baba, don an ƙera ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya shigo da ita, kakanmu ya yi masa direba shekara da shekaru, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Baƙa ce, doguwa, da manyan fitilu biyu a tsaye a goshi, da matakala a gefe inda ake taka ƙafa a shiga. Ba a tashinta da mabuɗi, ƙarfe ake zura mata ta gaba a murza. Baba ya sa mata wannan sunan ne wai don tsarar mahaifinsa ce, kuma ba ta son a yi mata gaggawa. Lungunmu ko amalanke da ƙyar yake shiga, saboda haka a wani kango take zaune a gindin Goron Dutse. Baba ya yi mata rumfar kwano, ya haƙa rami a ƙarƙashinta daidai tsayin mutum a zaune, ya sa 'yar kujera a ciki.

Injinta bai taɓa ba shi wahala ba, ƙafafunta ne ciwon kan: birki da sifirin. Baba ya yi tuƙin babbar mota har gashin kansa ya yi fari, kuma abin da ya koyo a hanya magana ɗaya ce da yake faɗa wa duk direban da ya zauna kusa da shi: "Kowane sakarai ya iya tafiya. Tsayawa ce sai gwani." In yana tafe a bakin titi ya ji wata mota ta taka birki da wata irin ƙara, sai ya ɗaga mata hannu kamar mai neman a rage masa hanya. Direba ya tsaya, ya ce masa, "Ɗana, tayarka ta hagu ta baya tana cin ƙarfe, kada ka kwana ba ka duba ba." Wasu su yi godiya, wasu su yi tsaki su ja motarsu. Bai taɓa fasawa ba.

Kayan Gwaggo ba a sayar da su a shago. Baba yakan ce tsohon ƙarfe ba ya mutuwa a ƙasar Hausa, sana'a yake sauyawa. Sifirin ya zama gatari ko wuƙar mahauta. Dirom, wato kwanon ƙarfen nan da birki ke kamawa a cikin taya, ya zama murhun mai shayi. Ƙarfen da ke haɗa tayoyi ya koma ƙarƙashin amalanken shanu. Don haka Baba ba ya fita sai da wani zare a aljihu, wanda ya ƙulla masa ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli awon wani abu ne a jikin motar. Duk ƙarfen da ya gani sai ya tsuguna ya gwada. In zaren ya yarda, sai ya ƙwanƙwasa da mabuɗi ya kasa kunne. "Ƙarfen zamanin da yana da murya," in ji shi, "na yanzu kuwa gwangwani ne." Haka ya zaga maƙera da kasuwannin ƙauye, Auta na biye da shi da buhu a bayan babur.

Labarin manomin nan ma a wurin makokin na fara jin sa, shi da kansa ya ba jama'a. Ya ce wata shekara Baba ya iske shi a gona ana kwasar dawa, ya tsuguna ƙarƙashin amalankensa ya gwada zare, ya tashi yana rawar jiki kamar wanda ya tsinci ɗansa da ya ɓata. Ƙarfen da ya daɗe yana nema ne. Ya tambaye shi ko yana da wani amalanken, ya ce a'a, wannan kaɗai ne, kuma da shi yake yi wa rabin ƙauyen dako. Sai Baba ya naɗe hannun riga, ya kwance tayoyin, ya wanke, ya cika musu giris, ya mayar. Ya ce, "Yana aiki a nan. Ranar da ya gama aikinsa ka tuna da ni." Bai ko bari an yi maganar ciniki ba. Duk shekara kuma sai ya koma ya sa masa giris. Jama'a suna ta "Allahu akbar", Auta yana gyaɗa kai don yana wurin aka yi komai. Ni kuwa ina sauraron halin ubana daga bakin baƙo.

Ba wai ban yi nawa ƙoƙarin ba. Ni ma ina da zare a aljihu. Ba shi ya ba ni ba, ƙanwata na roƙa ta auna mini nasa wata rana da ya rataye rigarsa ya shiga wanka. Aikina yawo ne, ƙauye zuwa ƙauye, kuma duk inda na je idona na kan ƙarafa. Direban ofis ɗinmu har ya fara yi mini kallon mai taɓin hankali.

Wata rana ina ofishin hedimasta a wata firamare aka kaɗa ƙararrawar fita tara. Na ajiye biro. Na san wannan muryar, na sha jin ta daga nesa in Baba yana ƙwanƙwasa ƙafar Gwaggo. Na fita na tarar da wani kwanon ƙarfe a rataye jikin darbejiya, ɗan aji shida yana dukansa da guntun rodi. Na gwada zare, ya zauna ɗas. Dirom ne, irin wanda Baba ya rasa na huɗunsa tun ina saurayi. Na saya wa makarantar ƙararrawa ta gaske, na ɗauko shi a cinyata har Kano, ban bari an sa shi a but ɗin mota ba.

A hanya na yi ta shirya yadda abin zai kasance. Na ce yau kam dole ya dube ni. Na isa kango da farar babbar rigata, Baba yana cikin rami, Auta yana zaune a bakinsa. Na miƙa wa Auta, ya miƙa ƙasa. Na ji an ƙwanƙwasa sau ɗaya, aka yi shiru, aka sake ƙwanƙwasawa.

"Auta! Wannan ai na Gwaggo ne! A ina ka samo?"

"Ba ni ba ne, Baba. Yaya ne ya kawo, ga shi nan tsaye."

Can muryar ta fito, ta koma irin wadda na sani. "To. Ka ce wa Sufeto an gani. Allah Ya yi albarka. Miƙo mini sifana."

Na tsaya ina gyara hula kamar baƙon da ya zo gidan suna kafin a shimfiɗa tabarma, sannan na yi sallama na tafi. Washegari ƙanwata ta ce mini Baba ya kasa cin tuwo don murna, ya yi ta yawo a tsakar gida yana ba Inna labarin dirom. Na ce mata na gode. Ita ma dai 'yar aike ce.

Har faɗansu na yi kishi. Auta ɗan zamani ne, ya gano ta waya cewa a ƙasashen Turawa akwai masu ajiye irin waɗannan motoci, suna sayar wa juna kayansu. Ya yi odar takalman birki, aka jira har aka gaji, da kwalin ya iso aka buɗe sai ga su 'yan ƙanana, na wata motar ce daban. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce waya ba ta da zare. Auta ya ji haushi. Birkin Gwaggo ba na mai ba ne irin na motocin yanzu, sandunan ƙarfe ne suka tashi daga inda ake takawa suka rabu zuwa tayoyi huɗu, kowace sanda da notinta. In ɗaya ta fi 'yan'uwanta ɗauri, mota ta karkace. Auta ya ce, "Baba, don Allah mu cire mata wannan tarkacen mu sa mata birkin mai kowa ya huta."

"Tarkace? Kai ma in ka tsufa sai a cire maka ƙafa a sa maka ta jaki?"

"Jakin ai yana tafiya, Baba. Ita fa? Shekara nawa tana zaune?"

Baba ya yi jifa da sifana ta daki kwanon rumfa. "Fita mini daga kango, mara kunya!"

"Na fita ɗin!"

Suka daina magana. Auta ya rame, Baba ya rame, gida ya yi tsit. Daga ƙarshe Auta ya zo ya same ni wai tunda ni ne babba in je in ba da haƙuri a madadinsa. Ka ji fa, an aiki kurma ya kira makaho. Na je zaure na tarar da Baba da Kawu, na zauna gefe, na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon tabarma. Baba ya dubi Kawu ya ce, "Ka gaya wa Sufeto ya gaya wa wancan ɗan banzan giris ya ƙare. In zai zo ya sayo." Sulhu ke nan. Na fito ina jin da ma ni aka jefa da sifanar, ni aka kora daga kango, ni aka kira ɗan banza. Ni ko tsawa Baba bai taɓa yi mini ba.

Ranar da nake so in ba da labari wata Asabar ce bayan la'asar, a ƙarshen daminar da ta wuce. Na shiga gaida Inna, ta ce Baba ya fita tun safe bai ci komai ba, ta ba ni kwanon fura in kai masa. Na isa kango ban ga babur ɗin Auta ba. Baba yana cikin rami yana bugun wani abu da guduma. Na yi sallama ƙasa-ƙasa yadda na saba a gabansa, bugun ya danne ta. Ina shirin ajiye kwanon in juya sai guduma ta tsaya, murya ta fito daga ƙarƙashin mota.

"Hau ka taka mini."

Saita birkin Gwaggo aikin mutum biyu ne, ɗaya a kujerar direba yana takawa, ɗaya a rami yana ɗaure notunan. Wannan kujerar ta Auta ce tun yana leƙen sitiyari. Na san Baba ya ɗauka shi ne ya dawo. Ya kamata in yi gyaran murya, ban yi ba. Na ajiye furar a kan matakala, na tattara rigata na hau. Ban taɓa zama a wurin ba. Warin tsohuwar fata da giris ya cika mini hanci.

"Taka."

Na taka.

"Saki. Rabi. Yawwa, tsaya a nan."

Ina jin sifana tana aiki daidai ƙarƙashin tafin ƙafata. Sai kuma ya fara magana, da wata murya da ban san yana da ita ba, sakakkiya, mai wasa a ciki. Ya ce dirom ɗin ƙararrawar nan ya fi sauran ukun lafiya, yara sun yi ta dukansa shekara da shekaru bai ko tsage ba. Ya ba da labarin yadda kakanmu ya koya masa tuƙi, da ranƙwashi ɗaya a kan kowace giya. Ya kwaikwayi Hausar Baturen gyaɗa. Tsakanin magana da magana yana cewa taka, saki, ni kuwa ina bi, ko numfashi mai ƙarfi ba na yi don kada ya gane ni.

"Ka san yadda aka yi sifirin ɗin baya ya karye? Taka. Kowa ya san rami na faɗa, haka na gaya wa kakanku. Ba rami ba ne. Ranar da aka haifi babbanku ne. Ina zaune a zaure aka aiko daga cikin gida, an sauka lafiya, namiji. Dattawa suka zuba mini ido, na sunkuyar da kai kamar an ce mini kaza ta yi ƙwai. Saki. Can na miƙe na ce zan je in duba mota. Na tashe ta, na fita ta Ƙofar Dawanau, na yi ta tafiya sai da na daina ganin mutum. Sannan na danna oda, na yi ta ihu ni kaɗai kamar mahaukaci. Na sake ta cikin gonakin mutane tana tsalle ina tsalle. Rabi. Nan sifirin ya ce ɓas. Da shanu aka jawo mu gida."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Babban naku tafiyar kakanku gare shi, hannu a baya. In na hango shi daga nesa sai in ji kamar in miƙe tsaye." Sifana ta ci gaba. "Kai, ƙafarka ta daina rawa mana. Taka sosai."

Na taka sosai, hawaye na sauka a kan rigata. Muka gama tayoyin huɗu a haka. Sannan ya ce, "Ya isa. Je ka, kada ka jira ni, sai na goge hannu." Na sauko a hankali na fice.

Daɗin ya raka ni har kwanar titi, daga nan kishi ya karɓe shi. Ashe abin da Auta yake sha ke nan kullum. Ni na samu yammaci ɗaya, shi ma da sata, a rigar wani. Shi kuwa tun yana yaro ake zuba masa wannan hirar, har ta zame masa ruwan randa. Abin da ya fi ci mini rai, labarin haihuwata ma Auta ake ba. Washegari na koma, ban san me nake nema ba. Auta yana kan kujerarsa. Baba ya leƙo daga rami ya ce, "Auta, ba Sufeto wurin zama."

Gwaggo ta fita sau ɗaya bayan nan. Aka gwada ta a gangaren Goron Dutse, Auta a sitiyari, Baba a gefensa da sabuwar hula, ni ina cikin 'yan kallo. Da suka zo ƙarshen gangaren Auta ya taka, ta tsaya cak, ba ta karkace ba. Jama'a suka yi tafi, Baba ya dafa kan Auta. Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da shi. Na yi jinyarsa gwargwadon yadda ya bari, in na shiga ɗakin sai ya ja mayafi ya gyara kwanciya, ya ce wa ƙanwata ta ce mini jiki da sauƙi. A hannun Auta ya cika.

Bayan sadakar bakwai, da jama'a suka watse, ni da Auta muka kwashe ƙarafan da aka kawo muka kai kango. Muka jera su jikin bango, muka tsaya muna kallon motar. Abin da ke cina ya ƙi zama, na ce masa, "Kai kam ka more. Duk hirar da Baba yake yi maka in yana rami, ka rubuta ta ko don yaranmu."

Ya dube ni. "Wace hira, Yaya?"

"Labaran da yake ba ka mana. Na kakanmu, na Baturen gyaɗa."

"Baba? A rami?" Ya yi 'yar dariya. "Wallahi Baba ba ya magana in yana rami. Taka, saki, shi ke nan. Sai zagi in na yi kuskure. Cewa yake surutu yana hana shi jin ƙarfe."

Na ce masa ai ni na ji da kunnena, na gaya masa ranar da na kawo fura ba ya nan, da yadda Baba ya ɗauka shi ne.

Auta ya girgiza kai a hankali. "Yaya, ka taɓa sauka ramin nan? Daga kan kujerar da ke ciki ana ganin ƙafar duk wanda ya shigo tun daga bakin ƙofa. Ni da silifa nake zuwa. Kai kaɗai ne mai shigowa nan da takalmi sau-ciki."

Na nemi matakalar motar na zauna. Auta yana tsaye a kaina. Da ya yi magana muryarsa ta sauya.

"Me ya ce maka?"

Na ɗaga kai na dube shi. Na san wannan kallon, ni na yi ta yi masa shi tun yana cinyar Baba. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji, kuma na bar shi a tsaye ya ɗan ɗanɗana. Na buɗe baki zan fara, sai na tarar ba zan iya faɗa ina kallon fuskarsa ba.

Na ce, "Sauka ramin."

Ya sauka ya zauna a kujerar Baba. Na tattara rigata na hau kujerar direba, na sunkuya wajen birki, na fara masa daga ranƙwashin kakanmu.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sa can ta fi masa nan. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu iya tsayawa inda ya kamata, in tamu ta zo mu cika da imani.